Shin haddace saiwoyin Latin da Girkanci zai raba ni da ƙamus?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta makarantar koyon aikin jinya. Ina jin Turancin magana daidai gwargwado, amma da na buɗe littafin karatu sai in yi ta cin karo da dogayen kalmomin da ban taɓa gani ba, in duba ƙamus yau, gobe in manta. Yayata ta turo mini takarda mai ɗauke da saiwoyin kalmomi 300 na Latin da Girkanci, ta ce idan na haddace su zan gane kowace kalma ba sai na duba ƙamus ba. Gaskiya ne? Idan gaskiya ne, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Idan na fahimce ki da kyau, abu biyu kike tambaya: ko sanin saiwoyin nan zai iya maye gurbin ƙamus, da kuma ko haddar jerin 300 ɗin ita ce hanyar da ta dace a bi. Amsar ta farko a'a ce, ta biyun ma a'a ce. Amma kada ki yar da takardar, domin yayarki rijiya mai ruwa ta nuna miki, guga ne kawai ba ta haɗa miki da shi ba. Na shafe shekaru ina koyar da Turanci ga 'yan sakandare da masu shirin shiga jami'a, kuma abin da na gani a aji shi ne saiwa ba ta cika gaya wa mutum cikakkiyar ma'anar kalmar da bai taɓa gani ba, amma tana hana shi manta wadda ya riga ya duba. Matsalarki kuwa, kamar yadda kika faɗa da bakinki, mantuwa ce.

Me ya kai Latin da Girkanci cikin Turanci?

Turanci a asalinsa ɗan ɗaki ɗaya ne da Jamusanci da harshen mutanen Holan. Ƙabilun da suka tsallaka teku daga arewacin Jamus da Denmak suka zauna a tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 su ne suka zo da shi, kuma kalmomin da suka zo da su har yau su ne na gida da gona da jiki, irin su *house*, *bread*, *water*, *mother*, *hand* da *blood*. Latin ya fara shiga sosai ne ta ƙofar coci, bayan da 'yan mishan daga birnin Rum suka sauka a Kent a 597. Babbar ambaliyar ta zo ne a 1066, lokacin da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Shi da fadawansa Faransanci suke yi, Faransanci kuwa daga Latin ya fito, saboda haka kusan shekara 300 harshen fada da kotu ya sha bamban da na talaka. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa gabatar da ƙara da Turanci a kotunan Ingila, lokacin kuwa *justice*, *court* da *prison* sun riga sun yi kaka-gida.

Zango na uku shi ya fi shafar ki. A ƙarni na 16 da na 17, duk mai ilimi a Turai da Latin yake rubutu, kamar yadda malamanmu na da suke wallafa da Larabci ko da Hausa ko Fulatanci suke yi a gida. Isaac Newton Baturen Ingila ne, amma da Latin ya wallafa babban littafinsa a 1687. Andreas Vesalius, wanda ya kafa harsashin ilimin sassan jiki na zamani, da Latin ya wallafa nasa a 1543. Su kuwa tsofaffin likitocin da Turawa suka gada, wato Hippocrates da Galen, wanda malaman ɗibbu na Larabawa suke kira Jalinus, da Girkanci suka rubuta. Wannan ne ya sa a littafinki za ki riƙa ganin abu ɗaya da suna biyu, sau da yawa sunan gaɓa daga Latin, sunan cutarta daga Girkanci. Ƙoda *ren* ce a Latin, shi ya sa ake cewa *renal*, amma *nephros* ce a Girkanci, shi ya sa kumburinta *nephritis*. Fata *cutis* ce a Latin, *derma* a Girkanci, saboda haka allurar ƙarƙashin fata *subcutaneous*, likitan fata kuwa *dermatologist*. Masu ilimin tsirrai ma haka suka yi tun daga Carl Linnaeus a 1753. Kukar da muke miya da ita sunanta *Adansonia digitata*, kuma *digitus* yatsa ne a Latin, domin ganyenta ya yi kama da buɗaɗɗen hannu mai yatsu.

Wasu masana biyu a Jamus sun ƙidaya kalmomi kusan 80,000 na wani ƙamus ɗin Oxford a 1973, suka samu kimanin kashi 28 cikin 100 daga Latin suke kai tsaye, wasu kashi 28 daga Faransanci, kashi 5 daga Girkanci, kashi 25 kacal ne daga dangin Jamusanci. A littattafan makaranta abin ya fi haka tsanani. Averil Coxhead ta ƙasar New Zealand ta fitar a 2000 da jerin iyalan kalmomi 570, wato kowace kalma tare da waɗanda aka ƙera daga jikinta, da suka fi yawan maimaituwa a rubutun jami'a baya ga kalmomin yau da kullum, kuma sama da kashi 80 cikin 100 nasu daga Latin ko Girkanci suke. Ke nan ba abin mamaki ba ne ki iya hira da Turanci amma littafi ya gagare ki. Hira da ƙasan harshen ake yin ta, littafi kuwa da samansa. Bature yana da *ask*, yana da *question*, yana da *interrogate*, duka tambaya ce, amma ta farko ta gida ce, ta biyu ta zo ta Faransanci, ta uku ta ɗan sanda ce da lauya, kamar dai yadda muke da mutu, da rasu, da yin wafati, kowace da inda ake faɗin ta.

Kin riga kin iya wannan aikin

Abin da nake fara gaya wa ɗalibaina shi ne Bahaushen da ya yi allo ko Islamiyya ya fi yaron Landan sabawa da tunanin saiwa, sai dai ba a taɓa nuna masa ba. Dubi hukuma, hukunci, hakimi da hikima. Duk daga saiwar Larabci ɗaya suka fito mai baƙaƙe uku, mai nufin yanke magana da sanin daidai. Dubi ilimi, malami da alama, su ma saiwarsu ɗaya, ta sani. A Hausa tsantsa ma, idan na ce miki mabuɗi, maɗinki, makaranta, masaƙa, kin san ɗafa-goshin *ma-* yana fitar da abin aiki ko mai aiki ko wurin aiki, har idan kika ji wata kalma da ba ki taɓa ji ba, kamar majema, kya iya kintatar cewa wurin jima ne ko masu yin ta. To, ki tambayi kanki: wace rana kika zauna kika haddace wannan ƙa'idar? Ba ki haddace ba. Kalmomin kika fara sani, da suka yi yawa a kunnenki sai ƙirar ta fito da kanta. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce jerin 300 ba wurin farawa ba ne. Saiwar da ba a rataya mata kalmar da aka sani ba, nan da mako guda za ta bi sahun kalmomin da kike mantawa.

Akwai ma saiwoyin Latin da Girkanci da kike furtawa kullum cikin Hausa. Sanata daga *senex* ya fito, wato dattijo, don haka wanda ya fara fassara majalisarsu da Majalisar Dattawa ya dace ƙwarai. Daga saiwar ne kuma aka samu *senior* da *senile*, kalmar da za ki haɗu da ita a darasin kula da tsofaffi. Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba ba komai ba ne illa bakwai, takwas, tara da goma, domin tsohuwar shekarar Rumawa daga Maris take farawa, kuma wanda ya san haka ba zai manta *octagon* ko *decimal* ba. Alƙalami ya zo mana ta Larabci, amma asalinsa *kalamos* ne na Girkanci, wato kara ko gora da ake feƙewa. Talabijin rabi Girkanci ce rabi Latin, *tele* nesa, *vis* gani. Asibiti daga *hospital*, shi kuma daga *hospes*, baƙo ko mai masauki. Waɗannan su ne turakun da za ki fara ɗaure sababbin kalmomi a jikinsu.

Yadda ake fasa kalma

Doguwar kalma galibi kashi uku ce: ɗafa-goshi a gaba, saiwa a tsakiya, ɗafa-ƙeya a baya. Saiwa ke ɗauke da ainihin ma'ana, ɗafa-goshi yana juya ta zuwa wani ɓangare, ɗafa-ƙeya kuwa yana gaya miki ko suna ce ko aikatau ko sifa, a kalmomin likitanci ma har yana gaya miki abin da ya samu gaɓar. Ɗauki *spect*, wato kallo. Kin riga kin san *inspector*, wanda Hausa ta mayar sufeto, mai leƙa cikin abu. Daga nan *spectator* ɗan kallo ne, *spectacles* tabarau, *prospect* hangen gaba, *retrospect* waiwaye, *suspect* kallon mutum ta ƙasan ido, wato zargi, *respect* sake kallon mutum saboda ƙimarsa. Kalma bakwai ke nan a turke ɗaya, kuma da wuya a manta guda a riƙe sauran. Haka *port*, ɗauka: *porter* ɗan dako, *import* shigo da kaya, *export* fitar da su, *transport* tsallakar da su, *portable* abin da ke ɗaukuwa. Haka *ject*, jefawa: *inject* jefawa ciki, wato allura, *reject* jefarwa baya, *eject* jefarwa waje.

A fagenki kuwa abin ya fi sauƙi, domin kalmomin likitanci ƙera su aka yi da gangan, ba su sha gogayya a bakin jama'a ba, saboda haka sassansu suna nan a fili kamar tubalin da ba a shafe ba. Ɗafa-ƙeyan *-itis* kumburi ne: *hepar* hanta, *hepatitis* ciwon hanta, *gaster* ciki, *gastritis*, *meninges* tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, *meningitis* sanƙarau. Idan kika ga *-aemia* ko *-emia* to ana maganar jini, *-uria* fitsari, *-algia* zafi. Gwada *hypoglycaemia* ki gani: *hypo* ƙasa, *glyc* zaƙi, *aemia* jini, wato faɗuwar sukari a jini. Canza *hypo* da *hyper*, sama, sai ta zama hauhawarsa. Baƙaƙe biyu ne suka raba su, amma maganin wannan shi ne zai iya hallaka mai wancan, saboda haka irin waɗannan tagwayen su ne na yarda ki haddace tun yau, ba tare da jiran ki ci karo da su ba. Tare da su akwai *brady* a hankali da *tachy* da sauri, kamar a *bradycardia* da *tachycardia* na bugun zuciya. Akwai *intra* cikin abu da *inter* tsakanin abubuwa, shi ya sa *intravenous* ta jijiya ce, *intramuscular* ta tsoka, *intercostal* kuwa tsakanin haƙarƙari. Akwai kuma 'yan uku da ke rikita ɗalibai, *-otomy* tsagawa, *-ectomy* yankewa a cire, *-ostomy* buɗe ƙofa a bar ta.

Wani abu da ke ɓoye ɗafa-goshi shi ne naso, wato baƙin ƙarshe ya rikiɗe ya yi kama da na gabansa. Ɗalibi ya haddace cewa *in-* korewa ne, sai ya ga *illegal*, *irregular* da *impossible* ya kasa gane cewa shi ne dai. Na daɗe ina fama da bayanin wannan, har wata rana wani yaro mahaddaci a ajina ya ce, "Malam, ai idgami ne." Gaskiyarsa kuwa. Yadda nunun da ke ɗauke da ɗauri take narkewa cikin ra ko lam a tajwidi, haka *n* take narkewa cikin *r* a *irregular* da cikin *l* a *illegal*, kuma yadda take komawa mim a gaban ba, wanda ake kira iƙlabi, haka take komawa *m* a *imbalance*. Tun daga ranar da shi nake koyarwa. Haka *ad-* yake zama *attract* da *accept*, *con-* ya zama *collect* da *correct*, *sub-* ya zama *support* da *suffer*. Ribar sanin wannan har da rubutu, domin wanda ya gane daga ina tagwayen baƙaƙen suka zo ba zai riƙa yar da guda ba. Rubutu ma yana tona asalin kalma: idan kika ga *ph* ana furta shi kamar *f*, ko *ch* kamar *k*, ko kalma ta fara da *ps*, *pn* ko *rh*, kamar *pharmacy*, *chronic*, *psychology*, *pneumonia* da *rheumatism*, to kusan kullum Girkanci ce.

Inda saiwa ke yaudarar mutum

Nan ne maganar yayarki ta yi rauni. Na farko, sura ɗaya tana iya zama saiwa biyu daban. Shi *in-* da muka ce korewa ne, akwai wani *in-* mai nufin ciki, wanda ke *inject* da *inspect*. Ki dubi bayan tankar mai a kan hanya, za ki ga an rubuta *highly inflammable* da jan fenti. Wanda ya dogara da jerin saiwoyi kaɗai zai karanta cewa ba ta kamawa da wuta, alhali gargaɗi ne cewa ƙyastu ɗaya ya ishe ta. Na taɓa samun ɗaliba mai ƙoƙari ƙwarai da ta faɗi wata tambaya a jarrabawar gwaji saboda ta ɗauki *invaluable* a matsayin marar amfani, alhali ma'anarta abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi. Da ta kawo mini takardar tana gardama, sai na ga laifina ne, domin ni na koya mata ƙa'idar ban koya mata togaciyarta ba. Haka *ped* ƙafa ce a Latin, kamar a *pedal* da *pedestrian*, amma a *pediatrics* daga kalmar Girkanci ta yaro ta fito, shi ya sa Turawan Ingila suke rubuta ta *paediatrics*. Haka *homo* mutum ne a Latin, amma a Girkanci yana nufin iri ɗaya, kamar a *homogeneous*.

Na biyu, ma'ana tana tafiya ta bar saiwarta a baya. *Malaria* daga Italiyanci take, tana nufin mugunyar iska, domin haka aka zaci sababin zazzaɓin kafin Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a 1897. *Muscle* asalinta ɗan ƙaramin ɓera. *Hysteria* daga sunan mahaifa ta fito, saboda wata tsohuwar fahimta da likitanci ya daɗe da watsarwa, ko da yake saiwar tana nan daram a *hysterectomy*, cire mahaifa. *Vaccine* daga *vacca*, saniya, domin Edward Jenner da ƙurajen shanu ya yi rigakafin agana a 1796. *Manufacture* na nufin yi da hannu, yau kuwa aikin inji ne. *Nice* ma, da kowa ke faɗi, daga kalmar Latin mai nufin jahili ta samo asali. Babu wanda zai kintaci ma'anar yau daga waɗannan saiwoyin. Amma ki lura, yanzu da kika ji labarin ɓeran da saniyar, zai yi wuya ki manta kalmomin, kuma wannan shi ne amfanin da nake magana a kai tun farko.

Na uku, ba duk abin da ya yi kama da ɗafa-goshi ne ɗafa-goshi ba: babu korewa a *uncle*, babu maimaitawa a *read* ko *reach*. Na huɗu kuma, wanda ya fi duka girma a ganina, akwai babban yanki na Turanci da saiwoyin nan ba sa taɓawa sam. Kalmomin da suka fi yawan fitowa a magana na dangin Jamusanci ne, kuma wahalarsu ba tsawo ba ce, haɗuwa ce. Littafi zai ce *vomit*, majiyyaci ya ce *throw up*. Littafi ya ce *syncope*, ɗan'uwan majiyyaci ya ce *pass out*. Likita ya ce majiyyaci ya *come round* yana nufin ya farfaɗo. Ko kin haddace saiwa dubu ba za ta fassara miki waɗannan ba. Saiwa ba ta kuma koya miki furuci. *Photograph*, *photography* da *photographic* saiwarsu ɗaya, amma kowace da gaɓar da ake dannawa, ta farko a gaɓa ta ɗaya, ta biyu a ta biyu, ta uku a ta uku. Wannan sai da kunne.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi

Ki ajiye takardar yayarki a matsayin wurin dubawa, kamar ƙaramin ƙamus, ba abin hadda ba. Ki fara da ɗafa-goshi, domin su kaɗan ne kuma suna ko'ina. Wani bincike da aka yi a Amurka a 1989 kan littattafan makaranta ya nuna guda huɗu kacal, wato *un-*, *re-*, *in-* da *dis-*, su ne ke gaban kusan kashi 58 cikin 100 na kalmomi masu ɗafa-goshi, guda 20 kuwa sun kusa cinye duka. Na farkonsu ma ba na Latin ba ne, na asalin Turanci ne. Mako biyu ya ishe ki sanin guda 20 ɗin, muddin kowanne kin rataya masa kalma biyu ko uku da kika riga kika sani. Sannan ki ƙara tagwayen likitancin nan da na ambata.

Bayan haka ki sayi littafin rubutu mai ganye 60 ko 80, ki ware shafi ɗaya ga kowace saiwa, amma kada ki buɗe wa saiwa shafi sai kin ci karo da ita a karatunki na gaske. A saman shafin ki rubuta saiwar da ma'anarta da Hausa, a ƙarƙashi ki sa kalmar da kika daɗe da sani mai ɗauke da ita, wadda ita ce turken, sannan sabuwar kalmar tare da jimlar da kika gan ta a ciki, ba ita kaɗai tsirara ba. Kafin ki buɗe ƙamus, ki fasa kalmar ki rubuta kintacenki da fensir, sannan ki duba. Idan kin dace, kin samu ƙarfin gwiwa. Idan kin kuskure, kuskuren ne zai zauna miki a kai fiye da dacewar, kuma a gefen shafin ki rubuta dalilin da ya sa saiwar ta yaudare ki. Wannan matakin na dubawa shi ne wanda ɗalibai suke tsallakewa da zarar sun fara jin sun iya, kuma daga nan ne irin kuskuren ɗalibar nan tawa yake fitowa. Ki nemi ƙamus mai nuna asalin kalma. Merriam-Webster yana nunawa, kuma akwai Online Etymology Dictionary da ake dubawa kyauta a waya.

Saiwa biyu ko uku a mako ta isa. Na ga masu ɗaukar goma a rana, ban ga wanda ya kai wata guda ba. Ki riƙa komawa shafin washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako, ki rufe ma'anar da hannu ki gwada tunawa, kamar dai yadda ake tilawa. Karanta shafi sau biyar a zama ɗaya bai kai tuno shi sau ɗaya bayan kwana uku ba. A haka, kafin ƙarshen shekara za ki tara saiwoyi sama da 100, kowace da iyalinta, kuma waɗanda karatunki ke buƙata ne, ba waɗanda wani ya jera bisa abacada ba. Na Latin da na ga sun fi yawan haihuwa su ne *duc* ja-gora, *mit* ko *miss* aikawa, *scrib* ko *script* rubutu, *vert* juyawa, *tract* ja, *dict* faɗa, *fer* ɗauka, *ten* ko *tain* riƙewa, *pos* ajiyewa da *cred* yarda. Za ki ga da kansu za su fara cika shafukan.

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan ba kya karatu mai yawa. Paul Nation, masanin koyon kalmomi, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta littafi ko jarida da Turanci ba tare da tuntuɓe ba yana buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ba a tara wannan adadin ta hanyar fasa kalma ɗaya bayan ɗaya, sai ta yawan haɗuwa da su a wurare daban-daban. Saiwa tana rage yawan haɗuwar da kike buƙata kafin kalma ta zauna, ba ta ɗauke miki haɗuwar ba. Ina kuma jan kunnen ɗalibaina da wani ciwo da ke kama wanda ya fara jin daɗin saiwoyi, wato dogon Turanci. Sai ki ga yaro ya daina cewa *use* sai *utilize*, ya daina *start* sai *commence*, yana zaton shi ne iyawa. Waɗannan kalmomin don ki gane littafi ne da rubuta rahoton aiki. A gaban majiyyaci kuwa gajeriyar kalma, ko ma Hausa, ita ce ke aiki.

Ni malamin harshe ne, ba na jinya ba, saboda haka iyakata asalin kalma da ƙirarta; ma'anarta a ɗakin majiyyata malamanki ne za su yanke. *Anaemia* a saiwa tana nufin babu jini, amma mai ita da jininsa, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jinin ne ya yi ƙasa, har ma ƙarancin jini da muke cewa da Hausa ya fi kusa da gaskiya. *Hypertension* za ta gaya miki wani abu ya hau, amma ba za ta gaya miki cewa daga 140 bisa 90 ake fara kiran sa hawan jini a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ba. Saboda haka a shafin kowace kalmar likitanci ki bar layi biyu: na sama ki rubuta abin da saiwa ta ce, na ƙasa ki rubuta abin da malaminki ya ce, kuma na ƙasan shi za ki kai ɗakin jarrabawa.